Kabarin da Ya Karkace

Alhamis, 4 ga Oktoba 1984, bayan asuba. Gangara.

Jiya muka kai yarinyar.

Wannan littafin shirya darasi ne, na makaranta, amma shi ya faɗo hannuna, kuma ba ni da wanda za ni gaya wa. Ba za ni rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce. Shekara shida ban kira sunan da bakina ba, saboda kunya irin tamu, ba kuwa yau za ni fara da biro ba.

Ina cikin aji a Isa aka aiko. Ko alli ban wanke daga hannuna ba na hau babur. Na iso an riga an yi wanka.

Tsohuwar maƙabarta ta cika, ta kai bakin kwazazzabo. Mai gari ya nemi fili, Wada maƙwabcinmu ya ba da gonarsa ta arewa maso yamma da gari. Geron bana yana nan tsaye a cikinta, ya bushe tun bai fid da kai ba. Sai da muka sassabe kara kafin mu sami wuri. Nata ne na farko.

Baba Illo, wanda ke shugabantar ginar kabari tun ina goye, ya zo da karan da aka auna tsawonta da shi, ya shimfiɗa a ƙasa don a zana. A tsohuwar maƙabarta ba a tunani, na kusa kake bi. Nan kuwa babu na kusa. Ya dubi wata kuka can kan hanyar Kurawa, ya gyara karan, ya ce a sara.

Ni kuwa da kamfas a aljihu, na'urar nan mai allurar nuna arewa. Na durƙusa, na ajiye shi a ƙasa, na sunkuya kansa, sai na ga allura ba ta yarda da Baba Illo ba. Na juya karan.

Ya ce, “Malam Halliru, wanga kara ya karkace. Alƙibla tana can, wajen kuka.”

Na ce, “Baba, kuka itace ne. Allura ba ta ƙarya.”

Gaban mutane na faɗa, da irin muryar da nake yi wa 'yan aji biyu. Ya dube ni, ya dubi karan, ya tofa yawu a tafi ya ɗauki gatari. Ba a jayayya da uban gawa.

Abu ɗaya ke nan da na iya yi mata a makon nan duka: na kwantar da ita daidai.

Juma'a, 5 ga wata, la'asar.

Masu gaisuwa suna shiga suna fita. Ni ina zaure ina amsa “sai haƙuri” kamar 'yar wani ce, don haka ake so uban 'yar fari ya yi. Na iya sosai. Har ana yaba mini.

Matata Kadijatu ba ta ce mini kome ba tun Laraba. Tana tsugune tana sake wa anza ruwa. Kwana uku ake jiƙa ta kafin ɗacin ya fita a iya ci, kuma ita ce abincin gidan nan yanzu.

An kai biyu yau. Sun bi layin nata.

Lahadi, 7 ga wata, hantsi.

Takalminta ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin rumbu. Kowa ya gani, ba wanda ya ɗauka.

Talata, 9 ga wata, bayan tashi daga makaranta. Isa.

Na koma aiki. Cikin yara arba'in da ɗaya, sha tara suka rage. Sauran sun bi iyayensu kudu, ko kuma dai ba a tambaya.

Manhaja ta ce in koyar da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Tun makon jiya na fara, kafin a aiko. Yau ban iya ba, sai na zauna ina juya wata tsohuwar mujalla da Ba'indiyen da na gada ya bari cikin akwatin kayan gwaji. A ciki akwai hoton taurari, ba ɗaya ba, ba dubu ba, dubban miliyoyi a dunƙule wuri guda suna juyawa. Na rasa sunan da za ni ba shi da Hausa, sai na ce garken taurari. Rana tamu ma saniya ce guda cikin wani garke irin wannan, kuma ba ta tsakiya, can gefe take kiwo.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda garken ke samun siffarsa. Abu biyu ne, kuma ba a ganin ko ɗaya. Na farko ƙarfin ja, wanda ke sa guga ya faɗa rijiya. Kowane tauraro yana jan kowane, duka suna son faɗawa tsakiya, gudun juyawa ne ya hana su. Shi ya sa garken ya baje kamar gero a faifai in mace tana kaɗa shi, da hannuwa lanƙwasassu. Na biyu maganaɗisu. Tsakanin taurari akwai ƙura da iska siririya, kuma akwai layuka na maganaɗisu da suka bi hannuwan nan. Ba su da ƙarfin kirki, in ji mujallar, ko allurar kamfas ba za su motsa ba. Amma da yake suna nan ba dare ba rana, ƙwayoyin ƙura sukan jeru a kansu, kowace ta kwanta yadda ta kusa da ita ta kwanta.

Na karanta wurin sau huɗu. Ba don ban gane ba. Awa guda na yi ban tuna ba, sai kuma na ji kunyar awar.

Laraba, 10 ga wata, yamma.

Na gangara gulbin Bunsuru neman baƙin yashi don gwajin gobe. Gulbin ya zama hanya. Mata suna tonon rami tsawon gaba biyu kafin su ga laima, ga Buzaye da suka gangaro daga Nijar sun kafa tsummokara a tsakiyar inda da kwalekwale ke wucewa. Na ja mayen ƙarfe cikin yashi, ya fito da gemu baƙi ƙirin. Wata tsohuwa ta tsaya tana kallona, ta ce, “Malam, in hatsi yaka jawowa, ara man.”

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Alhamis, 11 ga wata, azahar.

Ban san ta inda za ni fara ba.

Darasin ya yi kyau, abin haushin ke nan. Na barbaɗa baƙin yashi a takarda, na sa mayen ƙarfe a ƙarƙashi, na ƙwanƙwasa da yatsa. Yashin ya miƙe ya jeru layi layi, ya lanƙwasa daga kai zuwa kai. Yaran da yunwa ta hana su ɗaga ido suka taso suka kewaye tebur. Na nuna musu hoton garken taurari, na ce to haka abin yake a can sama, hannun da ba a gani shi ke jera ƙura. Ina jin kaina, kamar ni na jera.

Sai na jefa mayen ƙarfen a aljihun ƙirji, inda kullum nake sa shi don kada ya yi ƙafa, na ɗauko kamfas in nuna musu arewa. Na ajiye a tebur. Allura ta tsaya tana nuna taga. Na sunkuya in karanta musu lamba.

Ta juyo ta dube ni.

Na miƙe, ta koma taga. Na sunkuya, ta biyo ni. Yara suka fashe da dariya, suna tsammanin cikin wasan ne, suna cewa in sake. Na sake musu. Sau uku na sake.

Rigar nan ce a jikina ranar Laraba waccan. Ina tsakiyar darasin maganaɗisu aka aiko. Ban wanke alli ba, ban cire kome daga aljihu ba.

Alhamis ɗin dai, magariba.

Wataƙila na bar shi a tebur ranar. Wataƙila.

Ban bar shi ba. Da dare ya yi ranar, da na tuɓe rigar, ya faɗo ya bugi ƙwaryar ruwa. Na tuna ƙarar.

Allura ba ta ƙarya. Ai kuwa ba ta yi ba. Abin da ke ƙirjina ta nuna.

Asabar, 13 ga wata, hantsi. Gangara.

Na bar mayen ƙarfen a Isa, cikin akwati, na kulle. Da gari ya waye na tafi gonar Wada ni kaɗai, kamar mai ziyara. Na ajiye kamfas a gefen nata, na ja da baya taku uku, na duba daga nesa.

Ba ɗan karkacewa ba ne. Rabin kusurwar ɗaki ne cif. Ana kwantar da mamaci a gefen dama, kai kudu, fuska alƙibla. Ita fuskarta ta bar alƙibla ta koma kudu maso gabas. Alƙibla kuwa tana can inda kuka take, tamkar da igiya aka ja.

Kaburbura tara ne yanzu. Na tsaya a kan na farko ban iya duban sauran ba. Na san al'ada, na kusa ake bi.

Ina juyowa sai ga Wada. Na shida na matarsa ne, Kande, ranar Talata aka kai ta. Ita ce ta yanke wa yarinyar cibi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, “Malam, Allah shi saka. Da ba ka zo da na'urarka ba, da mun ta kwantar da mutane bisa ƙiyasi. Yanzu hankalina kwance shike, na san Kande tana kallon Ɗakin Allah.”

Na ce amin.

Na ce amin, ni Halliru, da bakina.

Lahadi, 14 ga wata, la'asar.

Sau biyu na nufi gidan Baba Illo. Na farko na tsaya gyaran sarƙar babur da ba ta lalace ba. Na biyu na kai ƙofar, na ji yana wasa gatari, na wuce kamar mai zuwa rijiya.

Wanzami ba ya son jarfa. Shekara tara ina jan jar biro a kan kuskuren 'ya'yan mutane.

In na faɗa, me za su ce? Garin da ya yi roƙon ruwa sau bakwai bana bai samu ba, kowa yana neman laifin da aka yi. In na yi shiru, gobe ma za a kai wani, a bi layi. Sannan ga Kadijatu. Mata ba su zuwa maƙabarta. Duk abin da ta sani game da wurin, ni na gaya mata, kuma abu ɗaya na gaya mata: “Na kwantar da ita daidai.” Shi kaɗai ne ta ɗaga kai ta dube ni a kansa.

Ina jin tsoro. Bari in rubuta shi haka, ba ado.

Talata, 16 ga wata, kafin kiran assalatu. Isa.

Na fito alwala. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu, kamar tana yi mana gatse. Kaza da 'ya'yanta ta karkata yamma, ga kuma farin zanen nan da ya ratsa sama daga gefe zuwa gefe. Shi ne garkenmu, muna kallonsa daga ciki, shi ya sa ba mu ganin lanƙwasarsa. Da ina yaro kakata takan ce ƙurar shanun mutanen da suka riga mu ce.

Na tsaya da buta a hannu ina lissafin banza. Duniya tana juyawa, tana kewaya rana, rana tana kewaya tsakiyar garke, garken ma yana tafiya. To ina gabas a cikin wannan? Wane bambanci rabin kusurwa zai yi?

Na san dalilin da ya sa nake wannan lissafi. Na yi istigfari na shiga.

Cikin barci ina jin ana sara ƙasa, sannu sannu, kamar a bayan ɗaki.

Laraba, 17 ga wata, azahar.

Shugaban makaranta ya tambayi ci gaban darasin maganaɗisu. Na ce mun gama.

Alhamis, 18 ga wata, yamma.

Direban motar Sabon Birni ya ce an kai takwas a Gangara tun Lahadi. Ban tambaye shi su waye ba. Takwas.

Juma'a, 19 ga wata, bayan masallaci. Sabon Birni.

Na tsaya nan sallar Juma'a a hanyar gida. Bayan kasuwa Fulani sun tara shanun da ba su iya tsayuwa, mahauta suna yankawa tun kafin su mutu da kansu. Kowace sai an ja ta an juya wuyanta gabas kafin a sa wuƙa. Wani dattijo, ƙashi da fata, ya hana a yanka tasa sai da aka ƙara juya ta kamar taki ɗaya. Mahaucin yana tsaki, shi kuwa yana cewa, “Jibrilla, shekara goma tana ba ni nono. Ba ta tahiya a karkace.”

Saniya ke nan.

Na shiga sahu, na kasa ɗaga hannu in yi kabbara sai da na kusa da ni ya taɓa ni. Gobe za ni wurin Baba Illo. Na rubuta a nan don in ji kunyar littafin in ban je ba.

Asabar, 20 ga wata, bayan azahar. Gangara.

Na same shi a gonar tun da sassafe, shi kaɗai, yana zana na ashirin da biyu kafin majiya ƙarfi su zo. Na karɓi gatarin na fara sara. Ƙasar kamar dutse. Ya bar ni na yi gumi.

Na ce, “Baba, ranar nan kai ke da gaskiya.”

Ya ce, “Wace rana?”

Bai sauƙaƙa mini ba, kuma bai kamata ba. Na faɗa masa duka, aljihu, mayen ƙarfe, allura, dariyar yara. Na ce mutum ashirin da ɗaya na kwantar a karkace, har da Kande.

Ya zauna a kan tudun ƙasa, ya fid da goro ya duba ya mayar. Ya ce, “Ni ban san mayen ƙarhe ba. Amma shekara arba'in ina kallon kukar can. Tun ranar da munka gina nig gani.”

“To me ya sa ba ka gyara na biyu ba?”

“In gyara na biyu, shi zauna kusa da na ɗiyakka, ɗaya na kallon nan ɗaya na kallon can? Makaho ma sai shi gani. Kahin la'asar magana ta shiga gida. Uwar tana da kwana biyu da rashi. Mi kaka so in yi mata?”

Ya tashi ya ce in biyo shi. Akwai wani tsohon suri a gefen gonar, muka hau. Ya ce, “Duba.”

Daga ƙasa ban taɓa lura ba. Daga sama layin ba miƙaƙƙe ba ne. Ya taso daga nata ya yi ta lanƙwasa a hankali. Kowane kabari ya juya kaɗan daga na gabansa, faɗin tafi ɗaya ta wajen kai, abin da ido ba zai kama ba in kana tsaye a kai. Tafi ɗaya, tafi ɗaya, har na sha takwas ya fuskanci kuka sosai. Daga nan suka miƙe.

Na san abin da ya yi kama da shi. Hoton yana cikin jakata. Ban so na gani ba, kuma na ji haushin kaina da na gani, a wurin da mutane ke kwance.

Ya ce, “Kowane na sata mai tahi guda. Ciki kuma, wurin ƙaramin rami, ina ƙara juya huska iyakar abin da wuri ya bari. Na Kande ya kusa, bai kai ba.”

Na ce, “Baba, ka bar mutum sha shida a karkace saboda ni?”

Ya ce, “Ba saboda kai ba. Kai mi gare ka? Kuma kada ka ɗauke man nawa alhaki, ni za ni amsa shi. Kullum sai na roƙe su gahwara in ina rufewa.” Ya nuna na farko da haɓa. “Guda ɗai ta ban iya taɓawa ba. Kana tsaye bisa kaina har anka rufe.”

Na zauna a kan surin. Abin da ban yi ba a zaure kwana bakwai, na yi shi a gaban tsohon nan. Ya juya baya yana kallon kuka har na gama.

Lahadi, 21 ga wata, hantsi.

Mun je wurin Liman, ni da Baba Illo. Tambaya ɗaya na je da ita: a tone?

Ya ce da a ranar ne, kafin ƙasa ta yi aikinta, da an gyara. Yanzu kwana sha takwas, ba a buɗe abin da Allah ya rufa wa asiri. Ya ce kuskure ne ba ganganci ba, kuma Mai gabas da yamma ya san inda kowa yake. Ya ce in yi sadaka in ina da abin yi. Ya yi wa Baba Illo faɗa fiye da ni, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar yaro.

Wada kuma, in ji Liman, ni za ni gaya masa da bakina, tunda ni ya yi wa godiya.

Na gaya masa da la'asar. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya ce, “Gonar tawa ta.” Ya shiga gida ya saki asabari.

Talata, 23 ga wata, safe.

Ban koma Isa ba. Na aika cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya ba ne ƙwarai.

Magana ta fara zagaya gari. A rijiya an daina hira da na iso. Saura gida ɗaya da ba ta shiga ba, ko kuwa ta shiga ana jira in faɗa.

Laraba, 24 ga wata, magariba.

Na buɗe baki, sai na tambayi Kadijatu ko akwai sauran ruwa a randa.

Alhamis, 25 ga wata, la'asar sakaliya.

Tana tsakar gida tana tsame anza tana shanyawa a tabarma. Na tsuguna nesa kaɗan. Ban yi mata darasi ba, ban ambaci allura ba sai sau ɗaya. Na ce abin da na gaya mata ranar ba haka yake ba. Na ce Baba Illo ya faɗa, na ƙi ji, don ina son a ga na sani. Na ce ba a iya gyarawa.

Hannunta bai tsaya ba. Ta baje anzar har ta ƙare, ta juye ruwan a gindin zogalen da ya mutu tun bazara. Na ɗauka ba za ta yi magana ba, kamar kullum.

Ta ce, “To ina taka kallo?”

Ban yi tsammanin wannan ba, amma ina da amsa, don ni mutum ne mai awo. Tun Asabar ɗin da na je gonar ni kaɗai na auna, na kuma ƙi rubutawa ko a nan. In ka ja layi daga fuskarta, zai ratsa busasshen tafki, ya bi ta bayan rumbunan Wada, ya zo ya bugi dangarmu ta baya, daidai inda ake ɗaure akuya da.

Na nuna mata da hannu.

Ta daɗe tana kallon dangar. Ta ce, “Kwana ashirin da biyu.”

Ta tashi ta je wurin. Ta kama karan danga ta fizge ɗaya, ta fizge na biyu, na uku, na huɗu, har ta yi kafa kamar faɗin fuska, a ƙasa ƙasa, daidai tsayin yaro. Hannunta ya yanke, ba ta duba ba. Ta jawo turmi ta kifa a gefen kafar, ta zauna.

Ta ce, ba ta juyo ba, “Kada ka toshe.”

Asabar, 27 ga wata, bayan asuba.

Ban toshe ba. A can take girki yanzu, a can take tsefe kai, wani lokaci ina jin tana magana ƙasa ƙasa.

Ni ta zaure nake zagayawa in za ni bayan gida. Ban iya gilmawa ta gaban kafar ba tukuna.